Kafin ku hau jirgin ruwan shaƙatawa, ku san aikin da sabulu ke yi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana da 'yan'uwanmu na Sakkwato da kewaye a kan wata tafiya da ta fara ɗaukar hankalin masu hali, wato hawa manyan jiragen ruwa na shaƙatawa, waɗanda ake ci a ciki, a kwana a ciki, a yi mako ɗaya ko biyu ana yawo daga wannan tashar teku zuwa waccan. Tun 2021 irin waɗannan jirage suka fara tashi daga Jidda suna zagaya Bahar Maliya, a Dubai kuwa sun daɗe. Wanda ya je Umara da 'yan kuɗinsa zai ga tallarsu, haka ma matashin da ke neman aikin kicin ko shara a ƙetare. Mu ma'aikatan lafiya ne, cikinmu akwai duba-gari da masu jinya, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne kuskuren da ya zauna a zukatan mutane tun zamanin korona, cewa in dai mutum na da 'yar kwalbar sanitaiza a aljihu, to ya gama da cuta.

Wani zai ce ina ruwan Basakkwace da jirgin ruwa, alhali tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita dubu ce. Ai ba yau muka fara ba. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Barno da Sudan, a Sawakin suke shiga jirgi su haye zuwa Jidda, kuma a cikin irin waɗannan jirage na alhazai ne duniya ta koyi yadda cutar ciki ke bin taro. A 1865 kwalara ta ɓarke a aikin Hajji, jiragen da suka kwaso alhazai suka kai ta Masar, daga can ta shiga Turai. Wannan ya sa aka kafa wuraren tsare matafiya a tsibirin Kamaran da kuma El Tor a yankin Sina. A El Tor ɗin ne a 1905 aka gano wani nau'in ƙwayar kwalara a jikin alhazai, aka sa masa sunan wurin. Shi ne ya iso Afirka ta Yamma a 1970, kuma har yau shi ke tashi mana da damina. A 2021 kaɗai an lissafa mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, jiharmu na cikin waɗanda abin ya taɓa.

Jirgin yau ba irin na kakanninmu ba ne, gari ne guda a kan ruwa. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata fiye da 2,000. Mutum kusan dubu goma ke nan suna dafa ƙarfen matakala ɗaya, suna danna maɓallin lif ɗaya, suna ɗaukar ludayi ɗaya a wurin abinci, babu mai fita sai jirgi ya tsaya. Kwalara ba ita ce damuwar waɗannan jirage ba, domin ruwansu tataccen ne. Abin da ke kayar da mutane shi ne wata ƙwayar bairos da ake kira norobairos.

Ta samo sunanta daga garin Norwalk na jihar Ohayo a Amurka, inda ta kwantar da 'yan wata makarantar firamare a 1968. Mutum kan haɗiye ta yau, bayan awa 12 zuwa 48 amai ya taso masa farat ɗaya, sai zawo mai ruwa-ruwa, murɗawar ciki, ciwon kai da na gaɓoɓi, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Yawanci cikin kwana 1 zuwa 3 take sakin mutum. Mai ƙarfi zai wahala ya tashi, amma tsoho da jariri da mai ciwon sukari ko na ƙoda, ƙarewar ruwan jiki na iya kai su ga halaka. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa ana kamuwa da ita sau kimanin miliyan 685 a duniya duk shekara, tana kashe yara kusan 50,000, akasarinsu a ƙasashe irin namu. Ke nan ba cutar jirgi ba ce. A lissafin hukumar, jiragen ruwa kashi 1 cikin 100 ne kacal na ɓarkewar da ake kai rahoto a Amurka. Sunan jirgi ke fita domin a can ake ƙirga kowane maras lafiya a rubuta. Wadda ke tashi a makarantar kwana ko bayan walimar biki, sai dai a ce abinci ne ya ɓata wa mutane ciki.

Abin da ya sa take da wuyar sha'ani shi ne ƙanƙantar abin da take bukata. Ƙwaya ƙasa da 100 ta isa ta kwantar da babban mutum, alhali mai ɗauke da ita yana fitar da biliyoyi a bayan gida da amai. Ɗan abin da ya maƙale a ƙarƙashin farce, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, zai iya wadatar da tebur guda. Tana kwanaki, har makonni, a kan ƙarfe da roba ba ta mutu ba. Sanyin firji ba ya kashe ta, tana kuma jure zafi har wajen digiri 60, balle ranar Afrilu ta Sakkwato da ke tsayawa a arba'in da 'yan kai. Ba ta da allurar rigakafi, ba ta da maganin da ke kashe ta a jiki, kuma wanda ya yi ta bana zai iya sake yin ta baɗi domin nau'o'inta da yawa.

Yanzu ga batun sanitaiza, wanda muke so a saurara da kyau. Ƙwayar korona da ta mura suna lulluɓe da wata fata mai maiƙo. Sinadarin alkohol da ke cikin sanitaiza yana narkar da wannan fata, ƙwayar ta mutu. Norobairos ba ta da wannan fata, ɓawonta mai tauri ne, alkohol kan bi ta kansa ya bushe ya bar mafi yawanta da rai. Sabulu ma ba kashe ta yake yi ba. Aikinsa shi ne ya saki maiƙo da dattin da ƙwayar ke manne a ciki, cuɗawa ta ɓamɓare ta, ruwa mai gudana ya tafi da ita. Shi ya sa cuɗawa da ɗauraya su ne wankin hannu, ƙamshin sabulu ko tsadarsa ba su ƙara komai. Sabulun wanki na kasuwa da wanda aka rubuta wa "mai kashe ƙwayoyin cuta" duk ɗaya ne a wannan aiki. A ƙofar ɗakin cin abinci na jirgi za ku tarar da ma'aikaci yana fesa wa mutane sanitaiza. Ku karɓa, yana da amfani ga mura da tari, amma ku nemi famfo tukuna. Jirage da yawa sun sa wurin wanke hannu a bakin ƙofar, saboda wannan dalili. In za a yi amfani da sanitaiza, a duba takardar jikinsa ya zama alkohol ya kai kashi 60 cikin 100, a zuba abin da zai jiƙa hannu biyu duka, a yi ta murzawa sakan 20 zuwa 30 har ya bushe da kansa. A hannun da ya ci nama ko ya yi maiƙo, ɓarnar kuɗi ce kawai.

Ga yadda ake wankin. A cire zobe da agogo, domin ƙarƙashinsu maɓoya ce. A jiƙa hannu da ruwan famfo, mai sanyi ko mai ɗumi duk ɗaya, a sa sabulu har ya yi kumfa. A cuɗa tafi da tafi, sannan tafin dama a bayan hagu tare da zura yatsu tsakanin yatsu, a juya. A kama babban yatsa a murza shi shi kaɗai, na dama da na hagu, domin shi aka fi mantawa kuma shi ya fi kowane yatsa aiki. A haɗa kan yatsu a goga su a tsakiyar ɗaya tafin don kumfa ta shiga ƙarƙashin farce. A gangara zuwa wuyan hannu. Cuɗawar nan kaɗai kada ta gaza sakan 20, mutum ya ƙirga ɗaya zuwa ashirin a natse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aikin duka, daga jiƙawa zuwa busarwa, sakan 40 zuwa 60 yake ci. Yawancin mutane ko rabin haka ba su yi. Sai a ɗauraye da kyau, yatsu na kallon ƙasa.

Busarwa ma wani ɓangare ne na wankin, domin jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe ɗaukar ƙwaya da raba ta. A nan ne da yawa ke rushe abin da suka gina: a wanke hannu tas, a goge a jikin babbar riga ko gefen mayafi ko hankicin da aka share gumi da majina da shi tun safe. A yi amfani da takardar goge hannu, da ita za a rufe famfo, da ita za a murɗa ƙofa, sannan a jefa ta a kwandon da ke bakin ƙofar. Ku tuna da hannu mai datti kuka buɗe famfon nan, haka duk wanda ya riga ku. Farce kuwa a yanke shi kafin tafiya. Mata masu dogon farce ko na kanti su sani sabulu ba ya kaiwa can ciki. Lalle bai hana komai.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, wanda babu takardar jirgin da za ta faɗa muku. Mu mutanen buta ne, da ruwa muke tsarki, kuma wannan alheri ne babba. Amma hannun hagu da ya yi tsarki ya taɓa najasa kai tsaye, ruwa zalla ba ya raba shi da ƙwayar da ke manne. Sau da yawa mutum kan kwantar da hankalinsa da cewa ai da dama yake ci. To hannun nan biyu suna haɗuwa a alwala, suna haɗuwa wajen ɗaure wando, duka biyun suna riƙe waya da carbi. Malamanmu na fikihu tun da can suna koyar da cewa bayan tsarki a goga hannu a ƙasa sannan a wanke, kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hakan a wankansa, ya kuma yi umarni cewa wanda ya tashi daga barci ya wanke hannunsa kafin ya tsoma shi cikin mazubi. Aikin da ƙasa ke yi a can shi sabulu ke yi a yau. Saboda haka tsarin ya zama: tsarki, sabulu, sannan alwala. Alwala ibada ce, tana da nata hukunci, amma kada a ɗora mata aikin sabulu, musamman da yake hannun nan ne zai kai ruwa baki da hanci.

Yawancin bayin jiragen nan ba su da tiyon tsarki, sai takarda. Kowa ya tafi da 'yar butarsa, kada a yi aro, kada kuma a ɗauki kofin shan ruwa na ɗaki a shiga da shi bayi. Mariƙin buta da bakinta a wanke su da sabulu kullum, a ajiye ta a ƙasa nesa da buroshin haƙori da asuwaki. Masai na jirgi da iska yake zuƙe ƙazanta ta siririn bututu, don haka a rufe murfi kafin a danna, kuma kada a jefa ƙunzugun yara ko audugar mata ko tsumma, yanzun nan zai toshe ya dawo da ƙazanta ɗakunan maƙwabta. In da hali, mutum ya daure ya koma bayin ɗakinsa maimakon na jama'a. Uwa kuma ta wanke hannunta da sabulu bayan ta wanke wa yaro, ta wanke na yaron. Zancen cewa kashin jariri ba shi da cuta ba gaskiya ba ne.

Bayan bayi, ɗakin abinci na ɗebi-da-kanka shi ne wuri na biyu mai haɗari. Abincin kansa yawanci lafiyarsa lau, ludayi da cokalin ɗiba ne matsala, domin ɗaruruwan hannaye sun riƙe su kafin naka. Mu kuma da hannu muka saba ci. Wanda ya wanke hannu a ƙofa, ya bi layi ya riƙe ludayi goma, ya zauna ya gutsura burodi da hannu, to kamar bai wanke ba. Ko dai ya ajiye farantinsa ya sake wankewa, ko ya ci da cokali. In mariƙin ludayi ya faɗa cikin abinci, a gaya wa ma'aikaci ya canja tiren. Kada a koma ƙari da farantin da aka ci a ciki, kada a bar yara su ɗiba da kansu, kada a manna bakin gorar ruwa a jikin famfon shan ruwa. Haka kwanon wanke hannu da muke zagayawa da shi a gida, babba ya fara yaro ya ƙare, a bar shi, a jirgi da a gida duka. Na ƙarshe da dattin kowa yake wankewa. A zuba wa mutum ruwa daga buta yana cuɗawa a kan wani mazubi, shi ne daidai. Musafaha kuwa ba mu ce a daina ba, amma in an sanar da ɓarkewar cuta a jirgi, sallama da ɗora hannu a ƙirji ta wadatar.

Ruwan famfon jirgi daga teku ake tace shi ko a ɗauko a tasha, a sa masa sinadarin kulorin, ana kuma auna shi a kai a kai. Haɗarin ya fi yawa in an sauka yawo a gari: ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba, ganyen salak, 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye, da ɗanyun kayan teku masu ɓawo, waɗanda ke tace ruwa su tara ƙwayar a cikinsu. A ci abin da aka dafa yana tururi, a sha ruwan gora mai hatimi, a ɓare ayaba da lemo da hannun da aka wanke.

In wani ya yi amai a bainar jama'a, tausayi kan sa mu ruga mu kewaye shi muna sannu. A jirgi kada a yi haka. Amai na watsa ƙananan ɗigo a iska, su sauka a kan tebur da abinci da leɓɓan na kusa. Mutum ɗaya ya tsaya da shi, sauran su bar wurin, a kira ma'aikata, suna da safar hannu da takunkumi da maganin da ya dace. Abincin da ke kusa a bar shi. Wanda ya taimaka ya canja tufafi ya wanke hannu har gwiwar hannu.

Wanda kuma abin ya same shi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka'idar da jirage ke bi ita ce, in mutum ya yi zawo sau uku cikin awa 24, ko ya yi amai haɗe da zawo ko murɗawar ciki ko ciwon kai ko ciwon jiki ko zazzaɓi, to ya kira asibitin jirgi ta wayar ɗakinsa, kada ya taka zuwa can yana dafa bango da ƙarfe. Za a ce ya zauna a ɗaki har ya yi awa 24 ba amai ba zawo, a riƙa kawo masa abinci. Ma'aikacin da ke taɓa abinci kuwa awa 48 ne. Mun san abin da ke sa mutane ɓoyewa: an biya kuɗi masu yawa, ga kunya, ga tsoron a kulle mutum a ɗaki. Shi ma ɗan aikin kicin yana tsoron a ce ya cika ciwo. Amma wake ɗaya ke ɓata gari, kuma haƙƙin duk tsohon da ya kwanta ta dalilin wannan ɓoyo yana wuyan mai ɓoyon. Haka takardar tambayoyin lafiya da ake cikewa kafin shiga, a faɗi gaskiya.

Maganin wannan cuta ruwa ne. Kowane matafiyi ya sa ƙullin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, kamar goma a jakarsa, suna da araha a kowane kemis. A duba jikin ƙullin, akwai na lita ɗaya, akwai na rabin lita, a zuba shi duka a daidai ruwan da aka rubuta. In babu, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a sa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada gishirinsa ya wuce na hawaye, domin gishiri in ya yi yawa yana iya cutar da yaro, sukari in ya yi yawa yana ƙara zawo. Saboda haka ne lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, in an yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuce awa 24 a zubar a haɗa sabo. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata shida miligiram 10. Flagyl da sauran kafso da aka saba watsawa da zarar ciki ya motsa ba su taɓa bairos, sai dai su ƙara tashin zuciya. Maganin tsayar da zawo kada a ba yaro, kada kuma babba ya sha in akwai jini ko zazzaɓi. In fitsari ya ɗauke ko ya yi ja sosai, baki ya bushe, jiri na ɗibar mutum in ya miƙe, ido ya zurma, yaro na kuka ba hawaye ko maɗigarsa ta faɗa, to sai likita da ƙarin ruwa, ba jira. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya kira likita tun ranar farko, domin wasu magungunansu sai an dakatar ko an rage in jiki na zubar da ruwa. Kuma kada maras lafiya ya ce zai riƙe azumi a wannan hali, Allah Ya yi masa rangwame.

A bambanta wannan da jirin teku, wanda kaɗawar jirgi ke jawowa. Shi yana zuwa da tashin zuciya da amai da gumi mai sanyi, ba zawo ba zazzaɓi, yana kuma sauƙi in an fita iska an kafa ido a can inda sama ta haɗu da ruwa. Ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi rashin kaɗawa.

Cututtukan numfashi ma suna nan. Kowa ya tuna Diamond Princess da aka tsare a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu da korona. A nan sanitaiza da takunkumi da yin tari a cikin gwiwar hannu suna aiki sosai. Akwai kuma ciwon huhu da ake kira lijiyonela, wanda ƙwayarsa ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi, a shaƙe ta cikin tururi. A 1994 kwamin wanka mai ɓulɓulo da ruwan ɗumi na wani jirgi mai suna Horizon ya sa wa fasinjoji da dama wannan ciwo. Dattijo da mai shan taba da mai raunin garkuwar jiki gara su nisanci irin wannan kwami. Duk wanda zazzaɓi da tari suka kama cikin mako biyu da dawowa, ya gaya wa likita cewa ya hau jirgin ruwa, kada a tsaya ga maganin maleriya kawai. Mai zawo kuma kada ya shiga wurin ninƙaya.

Kafin a biya kuɗi akwai abin dubawa. Tun 1975 hukumar CDC ke da shirin duba tsabtar jiragen da ke shiga tashoshin Amurka. Sau biyu a shekara ake hawa ba sanarwa, a duba ruwa da kicin da wuraren wanka, a ba da maki bisa 100. Wanda ya samu 85 ko ƙasa ya faɗi, kuma sakamakon na nan a intanet kowa na iya gani. In masu amai da zawo suka kai kashi 3 cikin 100 na fasinjoji ko ma'aikata, ana bayyana sunan jirgin. A tanadi katin rigakafin shawara, wanda ke fara aiki kwana 10 bayan allura, a yi inshorar tafiya domin asibitin jirgi da kuɗi ne masu nauyi, a kuma riƙe magungunan yau da kullum a jakar hannu cikin kwalinsu na asali, da rarar 'yan kwanaki. Muna kira ga kamfanonin shirya tafiye-tafiye da malaman bita su sa wannan bayani cikin abin da suke faɗa wa matafiya da Hausa, domin tantin Mina da masaukin alhazai ma taro ne irin na jirgi.

Saura dawowa gida. Wanda ya warke yana ci gaba da fitar da ƙwayar a bayan gida har mako biyu ko fiye, ko da yake kwanakin farko sun fi haɗari. Bayin da ya yi amfani da shi a wanke da ruwan bilic irin su Jik ko Hypo. A duba ƙarfinsa a jikin roba. In kashi 3.5 ne, babban cokali biyu a lita ɗaya ta ruwa ya isa goge ƙofa da famfo da buta. Wurin da amai ko zawo ya zuba kuwa, a fara kwashewa da takarda ko tsumman da za a yar, hannu cikin safa ko leda, sannan a zuba haɗin kofi ɗaya na bilic da kofi shida na ruwa, a bar shi minti 5 zuwa 10 kafin a goge. Kullum a haɗa sabo domin yana sanyi in ya kwana, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanke bayi, hayaƙin da zai tashi guba ne. Tufafi da zanin gadon da suka ɓaci kada a kakkaɓe su, a wanke su daban da ruwan zafi a shanya a rana.

Mun san al'adarmu, matafiyi in ya sauka gida cika yake da 'yan barka da zuwa, ana musafaha, ana miƙa dabino da hannu, ana zagayawa da zamzam a kofi ɗaya. In ya dawo da ciwon ciki, ko bai cika kwana biyu da warkewa ba, wani ya karɓi rabon dabinon, a samo ƙananan kofuna kowa da nasa, a ajiye buta da sabulu a zaure. In uwargida ce ta dawo da shi, a ɗauke mata girki da damun fura na kwana biyun nan.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya da duba-gari,
Sakkwato.